Kwanukan da Na Mayar Kaura

Moriki, Laraba, 22 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Zulaihat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin allura. Mu nan sai godiya. Maigida Malam yana fama da gwiwarsa kamar kullum, ni kuma hayaƙin dahuwar kalwa ya kusa cinye mini idanu. Gero ya nuna, amma gonakin bakin gari kaɗai ake iya zuwa, kin san halin da ake ciki.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Tun da muka gama ajin yaƙi da jahilci ban sake rubuta abin da ya wuce layi biyu ba, kuma da ba a ɗauke sabis ɗin waya ba da ba ki ga wannan tonon kajin ba. Dogo direba, mai bin hanyar Shinkafi zuwa Kaura, shi ya gaya mini an ɗauke ki daga asibitin Shinkafi an mai da ke Kaura. Wato ta ƙofar garinmu kika wuce da kayanki ba ki tsaya ba! Daman ku 'ya'yan Kawu ba a ganinku sai ranar cin tuwon biki.

Ga abin da ya sa na neme ki. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da ta Kaura. Kin san wadda nake nufi. 'Yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba, ba kuma da tsufana zan fara ba.

Tun bayan Babbar Sallah take aiko mini da abinci ta hannun Dogo, wannan mako dambu, wani mako alkaki. Abincin bai dame ni ba, mazubin ne. A samirar jerenta take zubowa, Zulai! Goma sha biyun nan da na saya mata ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Shinkafi, shekara shida ina tarawa, na ɗiga wa kowacce jan farce a gindi. Wace mace mai hankali ce za ta sauke kwanon jere daga kabad, ta zuba masa dambu mai maiƙo, ta ba direba ya cusa a but ɗin mota tare da buhunan albasa? Robobi sun ƙare ne a Kaura?

Ni dai na yi abin da aka san ni da shi. Ba a riƙe kwanon mutane, ba a kuma mai da shi haka nan. Sai in wanke, in cika da daddawa ko kuka, in mayar. Kwana kaɗan sai ga wani daban, ba wanda na mayar ba. Biyar ke nan. Na juya abin a raina har na gaji. Ciki ne da ita yake sa ta shirme? Ko so take in san ba ta sayar da ko ɗaya ba?

Akwai wani abu kuma, tun da na fara bari in ƙarasa. Da Sallah ta zo da hannu a ɗaure, ta ce zamewa ta yi a bakin rijiya. Ni dai ban san da rijiya a gidan mijin nata ba, daga masu kura suke sayen ruwa. Ta kwana uku ba ta yi zancen komawa ba, sai da Malam ya ce mata matar aure ba ta daɗewa gida ba dalili, ya raka ta mota. Ina ɗaki ina jinsu. Ban fito ba, ban kuma tambaye ta ba. Da wane baki? Uwata ce ta raine ta tun daga yaye, ko faɗuwa ta yi a gabana ba na ɗaga ta in da mutane. Amma hannun nan ya tsaya mini a rai.

Don Allah ki leƙa gidan, yana bayan tasha. Ki ce kin je ganin jikata Surayya, ki duba mini ko ta yi ƙiba, ko ta daina cin ƙasa. In kina duban jikar, idonki ba zai rasa faɗawa kan wani ba.

Ki gaida yara da maigidan.

Taki,
Barakatu

Kaura Namoda, Lahadi, 26 ga Satumba

Zuwa ga Baraka, sarauniyar daddawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, sai gajiyar sabon wuri. Ki ce wa Malam ya riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ke kuma ki daina hura wuta da baki kamar ba a ƙirƙiro mafici ba.

Sau biyu na karanta takardarki, na farko don in gane haruffan, na biyu don in gane maganar. Rashida. Sunanta Rashida. Na rubuta miki ne ki gani, tun da kunya ba ta hana ido karatu ba. Kin cika shafi biyu, albasa ta samu suna, jan farce ya samu suna, ɗiyar da kika haifa ta tashi a “ta Kaura”.

Jiya da hantsi na je. Ina yin sallama sai ga mijinta Kamalu a bayana, wai daga shagonsa na kayan babur ya hango ni. Mutum mai fara'a, ya durƙusa har ƙasa, ya koma da kansa ya sayo mini lemo. Daga nan ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, bai tashi ba har na yi sallama. Ki gaya mini, wane namiji ne ke zama cikin hirar mata awa guda da rabi?

Surayya ta yi ɓul-ɓul, ƙasa kuwa tana nan tana ci. Uwarta ce ban gane mata ba. Cikin zafin nan, a cikin ɗakinta, hijabi ne har ƙasa. Da hannun hagu take ɗaukar yarinya. Ƙuda ya sauka a gwiwar Kamalu ya ɗaga hannu zai kore shi, na ga kafaɗarta ta zabura, Surayya kuma ta shige bayanta.

Samirarki na gan su, duk biyar ɗin, jibge a bayan ƙofa da daddawarki a ciki ko taɓawa ba a yi ba. Ɗakin kaf ƙamshin Moriki yake. Ba ta mai da su kabad ba, jeren ya zama kamar bakin mai giɓi. Na ce mata cikin wasa, “Rashida, samirar jere kika mai da kwanon aike?” Ta dubi ƙofa, ta yi 'yar dariya, ta ce, “Inna Zulai, ai Inna ba ta riƙon kayan mutane. Ko ajiya kab ba ta, maido maka takai.” Kamalu ya yi dariya shi ma, ya ce, “Ni nic ce ta riƙa aikawa. Iyaye ai sai da kyautatawa.”

Baraka, shekarata sha tara a aikin asibiti, na ga mata masu zamewa a bakin rijiya ba iyaka. Zan faɗa miki abin da ke raina ba kwana-kwana: ina zargin yana dukanta. Ban tabbatar ba tukuna, don haka kada ki tayar da hankalin Malam.

Zancen kwanuka kuwa ni ma ya hana ni sakat. Ga dai yadda na fahimta. Wayarta tana hannunsa tun kafin a ɗauke sabis. Abinci zuwa ga iyaye shi kaɗai ne abin da yake bari ya fita daga gidan. Ina jin mai tsadar take zaɓa don ta san dole ki mayar, in ya dawo ta ji kamar kin gaishe ta. Saboda haka duk abin da ta aiko ki mayar da amsa, kada ki bar hanyar nan ta mutu.

Na ce ta kawo Surayya rigakafi ranar Alhamis ta sama, ta zo da katin. A ɗakin allura maza ba sa shiga, a can zan same ta ita kaɗai.

Taubashiyarki da ta fi ki iya rubutu,
Zulaihat

Moriki, Alhamis, 30 ga Satumba

Zuwa ga Zulai,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Malam ya gasa gwiwa ya ce a yi miki godiya. Mun fara yankan gero a gonar bayan makaranta.

Kalmar nan da kika rubuta, ta duka, na karanta ta ina tsaye sai na ji ni a zaune. Ban gaya wa Malam ba. Kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Ina ta tuna ranar da aka kawo shi gaisuwa, yaro mai sunkuyar da kai, ko ruwan da aka ba shi bai iya shanyewa ba don kunya. Ta ina mutum zai gane?

Amma ji wani sabon shirmen. Jiya Dogo ya kawo na shida, uwar samirar gaba ɗaya, babbar nan mai hannu biyu. Na juye dambun, sai ga leda a ƙasa an naɗe ta tam. Na buɗe: takardar gama sakandarenta, takardar haihuwar Surayya, da katin rigakafin da kika ce ta zo da shi. Kin san a kwanon jere kowace mace ke ɓoye takardunta. Wato ko duba ciki ba ta yi ba ta zuba abinci a kai. Hankalin yarinyar nan ba ya jikinta, Zulai, yanzu na yarda da ke.

Na ce Allah ya so ta, hannuna suka faɗo. Na goge maiƙon da ya taɓa ledar, na cika samirar da kuka sabuwar daka, na ɗora takardun a sama yadda ana buɗewa za a gani. Na ja wa Dogo kunne na ce akwai takardu masu muhimmanci a ciki, kada ya bari su kwana a mota. Ya ce in kwantar da hankalina, yana isa tasha zai miƙa wa maigidan a shago kamar yadda ya saba, tun da shi ba ya shiga gidan matan aure.

Kin ga na bi maganarki, hanya ba ta mutu ba. Yanzu ba ta da hujjar rashin zuwa rigakafi. In kin same ta ita kaɗai, ki tambaye ta zancen samirar nan, don Allah. Ki ce ke ce kike son sani.

Taki,
Barakatu

Moriki, Asabar, 16 ga Oktoba

Zulai,

Sallama. Lafiyar jiki dai muna da ita. Kwana goma sha shida ba takardarki, ba kwano. Na san hanya ce ta ɓaci, Dogo ya jingine mota tun washegarin da ya dawo. Yau ya ce gobe zai gwada, shi ya sa nake rubuto miki.

Na gane, Zulai. Na gane zancen samira, kuma ba ni na gano da wayona ba.

Kin tuna Yalwa, wadda ke kawo mini kalwa daga ƙauyensu na cikin daji? Makon jiya ta zo da turmi a ka, ta ce in ajiye mata. Bayan kwana biyu ta zo da tukunyar ƙarfe. Shekaranjiya ta zo da tabarmi biyu da fitila. Kin san ni da son jin ƙwaƙwaf, na ce, “Yalwa, wai kayan ɗakinki kike rabawa da ranki?” Ta dube ni kamar ba a ƙasar nan nake zaune ba. Ta ce, “Baraka, wa ka tashi gari rana guda? In mutanen daji sunka ga kaya bisa kai, sun san gudu za ka yi, sai su tare ka. Guda-guda aka hiddawa, a kai wurin wanda anka yarda da shi. Ranar tahiya, daga kai sai ɗiyanka.”

A kan turmin nata na zauna. Ta yi ta tambayata ko jiri ne.

Wurin wanda aka yarda da shi. Sau shida yarinyar nan tana fitar da kayanta zuwa wurina, sau shida ina wankewa ina mayar mata cikin gidan da take son gudu daga cikinsa, har ina jin daɗi na cika al'ada. Ta ma faɗa a gabanki, ta ce ko ajiya aka ba ni mayarwa nake. Takardun nan ba mantuwa ba ce. Su ne na ƙarshe, saura ita da 'yarta. Ni kuma na ɗora su a sama, na aika wa mijin a hannunsa.

Me ya yi da ya buɗe? Wannan tambayar ce ke bina har kan sallaya. Ki gaya mini gaskiya, kada ki rage komai don tausayina. Ban cancanci a rage mini ba.

Barakatu

Kaura Namoda, Talata, 19 ga Oktoba

Zuwa ga 'yar'uwata Baraka,

Wa alaikumus salam. Bari in fara da abin da kike son ji: Rashida tana da rai, tana gidana, ita da Surayya, yau kwana goma sha takwas. Tana cin abinci, tana tafiya da ƙafarta. Na rubuta miki tun ranar, na rasa mai kaiwa.

Takardarki ta ranar Alhamis ɗin nan da la'asar ta iso hannuna, samirar kuwa tun da hantsi ta isa shago. Ina karantawa na yafa mayafi na nufi gidan, na tarar da ƙofa a kulle ta waje. Washegari da safe maƙwabciyarta ta kawo ta asibiti, bayan ta tara wa Kamalu dattawan layin sun sa shi ya buɗe. Kin ce kada in rage. Haƙarƙari ɗaya ya tsage, ido ya kumbura ya rufe, haƙorin gaba na sama ya fita. A hannunta ta zo da shi, ta damƙe, sai da na ɓamɓare yatsun.

Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Ni na ce ki mayar da duk abin da ta aiko, ni na ce ta zo da kati. Na zauna a ɗakin nan ta faɗi kalmar ajiya a kunnena, na ɗauka tsokanarki take. Ni da nake taƙama da shekara sha tara. Wanda ya ɗaga hannu dai shi ne mai laifi, amma mu biyu mun yi wauta.

Likita ya rubuta duk abin da ya gani, an ɗauki hoton ƙirjin, takardun suna wurina. Akwai wata mata a ofishin jin daɗin jama'a da muke tura irin wannan wurinta, ta zo har gida sau uku. Ba ta matsa mata ba, ta dai zauna ta bayyana mata cewa alƙali yana raba aure saboda cutarwa in an kawo shaida, kuma shaida ga ta. Ita da mai unguwa suka gaya wa Kamalu kada ya sake taka ƙofata. Ya zo sau ɗaya kafin nan, yana kuka wiwi, da lemo a leda.

Na yi mata tambayarki, ban kuma ce ni ke son sani ba. Ta ce, “Na san ba ta iya tambayata, ni ma ba ni iya hwaɗa mata. Nic ce in tag ga samirarta na komowa guda-guda, ta gane ɗiyar ma tana tahe. Sai in ga ta cika da daddawa ta maido. Nic ce to, amsa ta ke nan, cewa takai in zamna.”

Kin ji, Baraka. Ke kina mayar da kwano, ita tana karanta umarni.

Ga inda maganar take yanzu. Dangin Kamalu sun ce ranar Juma'a za su zo Moriki biko, ƙanen ubansa Malam Sha'aibu ne zai jagorance su. Rashida tana son zuwa gaban alƙali, amma ta ce ba za ta je ba in ba da yardar gida ba, ba ta son a ce ta tsallake iyayenta. Jibi Alhamis zan sa ta a motar Dogo. Tsoronta ɗaya ne, ta kuma faɗe shi: “Baba zai ce in yi haƙuri, Inna kuma ta shige ɗaki.” In aka mai da ita gidan nan, ban san a wane hali za a sake kawo mini ita ba, ko ma a kawo ta.

Za ki ji wani abu mai tauri a ƙullin takardar magani cikin ambulan ɗin nan. Haƙorin ne. Ba don in ƙona miki rai na aiko ba. Malam ba ya karanta rubutun likita, amma wannan zai iya karantawa.

Na san kunyar 'yar fari ba ƙiyayya ba ce, ni ma haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah. Tambaya ɗaya dai nake miki, ba kuma da tsokana ba: ranar Juma'a a ina za ki kasance?

Taki,
Zulaihat

Moriki, Asabar, 23 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Zulai,

Assalamu alaikum. Sun iso lafiya ranar Alhamis. Allah ya saka miki da alheri, ke da maƙwabciyar nan da matar ofis, ya raba ku da ganin irin wannan a kan naku. Mu ma lafiya, an gama ɗaurin gero.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da suka shigo jikar na rungume. Na yi ta juya ta ina cewa ta yi nauyi, ta yi baƙi, wa ya yi mata wannan kitson. Uwar tana tsaye da jaka. Na miƙa mata ruwa ina kallon randa. Duk abin da na shirya faɗa tun ranar Talata ban faɗi ko ɗaya ba.

Haƙorin a haɓar zanena na ƙulle shi. Sau biyu ina zuwa wurin Malam da niyyar kwancewa, sai ya ce, “A bari su zo a ji ta bakinsu.” Sai in koma da abina.

Jiya bayan an sauko daga masallaci suka zo, Malam Sha'aibu da wani dattijo. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Suka miƙo langa cike da alkaki da goro, wai saƙon uwar mijin. Na tsaya a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda nake tsayawa shekara ashirin da shida in ana maganar da ta shafe ni.

Malam Sha'aibu ya iya magana, ba laifi. Ya ce, “Kuskure na, Malam. Yaro ya yi nadama, ko abinci ba shi ci. Miji da mata ba a rasa ɗan saɓani.” Ɗan saɓani, Zulai. Na ji Malam ya yi gyaran murya irin wadda na sani, ya ce, “To, ba komi. Allah shi kiyaye gaba.” Sai ya ɗaga murya zuwa cikin gida: “A maido kwanon baƙi, a ce ma yarinya ta shirya.”

Na juye alkakin a faifai. Na wanke langar na goge. Wallahi sai ga hannuna ya nufi tukunyar daddawa da kansa, har na ɗebo. Na tsaya ina kallon hannun. Na mayar da daddawar inda take, na kwance haɓar zane, na sa abin da ke ciki a langa, na rufe. Ai ba a mai da kwano haka nan.

Na sa hijabi na shiga zauren da ƙafata. Malam ya buɗe baki. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye langar a gaban Malam Sha'aibu, ta yi ƙwal. Ya ce, “Ikon Allah, da kanki? Mi munka samu?” Ya ɗaga ya girgiza a kusa da kunne, yana murmushi. Ya buɗe. Su uku suka haɗa kai suna leƙe. Ya ce, “Mi na wanga?”

Na ce, “Haƙorin Rashida na.”

Kin ga na rubuta. Haka kuma na faɗa, a gaban surukai, da muryar da har masu wucewa a waje sun ji. Ban san ko haƙorin ne ya fi girgiza Malam ko sunan ba, don ni ya tsura wa ido. Na ce, “Guda na. Sauran suna bakinta, kuma nan gidan za su zamna.” Ina nan durƙushe, ban tashi ba.

Malam ya ɗauki haƙorin ya juya shi a tafin hannu. Ya miƙe da gwiwar tasa ya shiga cikin gida, na ji ya ce mata, “Buɗe bakinki in gani.” Ya daɗe. Da ya dawo bai zauna ba. Ya sa haƙorin a aljihun gaba, ya miƙa wa Malam Sha'aibu langarsa, ya ce, “Ku gaida gida. Sauran magana gaban alƙali.” Kin ga ƙarshenta kwano ya bar gidana ba komai a ciki, karo na farko tun da aka kawo ni.

Ban san yadda shari'a za ta kaya ba, kuma na san za a yi da ni a gari. Yayan Malam na Zurmi ma sai ya zo ya yi faɗansa. Su yi. Ranar Litinin Malam zai kawo ta Kaura, ki sanar da matar ofis. Ki kuma tambaye ta yadda za a karɓo takardun yarinyar da samirar nan goma sha biyu, duk da jan farce a gindi. Wannan karon ko murfi ba zai koma ba.

Saura abu ɗaya. Da baƙi suka tafi na zuba tuwo, na tsaya a tsakar gida na kira ta da sunanta. Shiru. Na sake kira, shiru, ga ta kuwa ina hangen ƙafarta a bakin ƙofa. Sai a na uku ta leƙo, tana waige-waige ko wata baƙuwa ce ta shigo. Ta ce, “Inna, ke ta? Ban san da ni aka ba. Ban taɓa jin shi ga bakinki ba.”

Na ce ta zo ta ci tun bai huce ba. A kwano ɗaya muka ci.

Rashida tana gaishe ki.

Taki,
Barakatu